Yadda Ake Duba Motar da Ta Taɓa Yin Mummunan Haɗari Kafin a Biya Kuɗi

Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke jere a wuraren dillalai a nan Katsina, an wanke su tas an shafa wa tayoyinsu mai, ba da ƙafarsu suka baro ƙasarsu ba. Sun yi haɗari a can, kamfanin inshora ya buga lissafi ya ga kuɗin gyara ya kusa kamo darajar motar, sai ya biya mai ita ya kai ta filin gwanjo irin na Copart ko IAAI. A jihohi da dama na Amurka, da zarar gyaran ya kai wajen kashi 75 cikin 100 na kuɗin mota, an yafe ta ke nan, sai a buga mata takarda mai ɗauke da kalmar Salvage. Daga can ɗan kasuwa ya taya, a loda ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, masu gyara su yi mata aiki, ta iso gabanka a matsayin "Beljiyam".

Ni aikina bugun jikin mota ne, a nan wajen Ƙofar Ƙaura, tun ina yaron gareji mai miƙa guduma. Shi ya sa mutane kan ɗauke ni in raka su duba mota. Abin da na fi hana su shi ne tambayar da kowa ke fara yi: "Ta taɓa haɗari?" Amsar dillali ɗaya ce kullum: "Haba Alhaji, 'yar gugar bamba ce kawai." Tambayar da ke da amfani ita ce: a ina aka buge ta, wa ya gyara, kuma da me ya gyara?

Dalilin haka shi ne, kuɗin aikin hannu a Amurka yana da tsada ƙwarai. Tsohuwar Corolla ko Vibe da ta rasa bamba, da fitilu biyu, da bonet, jakunkunan iska masu kare mutum a haɗari suka fashe, tana iya zama yasasshiya a wurinsu alhali ƙashin bayanta lafiya lau yake. Irin wannan, in an yi mata gyara na tsoron Allah, mota ce ta gaske, kuma ni kaina zan hau da iyalina. Amma a fili ɗaya da ita akwai wadda tirela ta matse, da wadda ta wuntsila sau uku, da wadda ta kwana cikin ruwan teku. Bayan fenti duk kamarsu ɗaya. Aikinka shi ne ka raba su.

Fara da lambar shasi, tun kafin ka taɓa motar

Kowace mota ta zamani tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, da kuma wani wuri a jikin ƙarfen inda kamfani ya buga ta. Dole duka su zo ɗaya, su kuma yi daidai da ta cikin takardun kwastam. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta. In ka ga ɗaya, ko dai an kwafa ba daidai ba, ko an yi wasa da ita. Alamar farko tana gaya maka inda aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. Ta goma kuma ita ce shekarar samfurin, a motocin kasuwar Amurka. Wannan yana da amfani domin yanzu an iya canza fitilu da bamba a mayar da motar 2008 ta yi kama da ta 2012, a sayar maka da kuɗin ta 2012.

Sai ka rubuta lambar a Google, a wayarka, a nan inda kake tsaye. In motar ta bi ta gwanjo, sau da yawa hotunanta na ranar da aka kai ta filin suna nan a intanet, da gabanta a ragargaje. Wannan hoton ya fi duk rantsuwar da za a yi maka. In kana son cikakken tarihi, sai ka biya a ciro maka rahoton Carfax ko AutoCheck. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in ka gwada da miliyoyin da za ka zuba. Kalmomin da za ka sa wa ido su ne Salvage, da Rebuilt wato an gyara an mayar kan titi, da Flood wato ruwa ya ci ta. Sai dai rahoto mai tsabta ba shaidar lafiya ba ce. Akwai masu kai mota wata jiha a sake mata takarda tabon ya ɓace, akwai kuma haɗarin da ba a taɓa kai wa inshora ba.

Motar Ingila ba kasafai take zuwa mana ba, tunda sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Amma in aka kawo maka wadda aka juya wa sitiyari, ka san cewa tun watan Oktoba na 2017 suke kasa motocin haɗari huɗu: A da B ba a yarda su sake hawa titi ba, S ita ce wadda bugun ya taɓa ƙashin jikinta, N kuma wadda bai taɓa ba. Ni dai motar da aka juya wa sitiyari ba na ba kowa shawarar saye, ko da ba ta taɓa karo da ko kaza ba.

Ita kuwa motar gida, wadda ta yi haɗarinta a hanyar Kano ko tsakanin Mashi da Daura, ba wani rahoto da za ka samu. Yawancinmu inshorar da muke yanka ta naira 15,000 ce, wadda ke biyan wanda ka buge ba kai ba, don haka babu kamfanin da zai zo ya rubuta cewa an yafe motar. Tarihinta yana jikin ƙarfenta kawai.

Abin da ya sa ƙashin jiki ya fi komai

Hilux da Land Cruiser suna da shasi daban mai kama da tsani, a ɗora jiki a kai. Amma Corolla, Camry, Accord, Civic, 406, duk jikin ne shasin. Bene, da ginshiƙan ƙofofi, da rufi, da ƙafafu biyun nan na ƙarfe da suka miƙo gaba suna riƙe da injin, duk abu ɗaya ne da aka haɗa da ɗigon walda na kamfani. An tsara gaban da bayan su lanƙwashe su shanye bugu, tsakiyar da mutane ke zaune kuma ta tsaya ƙyam. Ka taka gwangwanin madara ka miƙe shi da hannu ka gani: ya koma siffarsa, amma ɗan matsi kaɗan zai sake karyewa a inda ya karye. Ƙafar shasin da ta naɗe aka miƙe ta haka take. Ta riga ta yi aikinta sau ɗaya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, motocin shekarun baya-bayan nan ana yi musu ginshiƙai da ƙarfe mai taurin gaske wanda ba ya son wuta. Mu kuma a garejinmu, in abu ya ƙi miƙewa, hura masa wutar gas ake yi har ya yi ja, a ɗaura sarƙa a jikin bishiyar dalbejiya a ja. Zai miƙe, ido zai ga daidai, amma taurin ya tafi har abada. Sana'ata ce, ba kushe ta nake yi ba. Garejin da ke da teburin jan shasi mai awo ba su da yawa, kuma mai mota da kansa ne ke cewa a yi mai sauƙi tunda sayarwa zai yi.

Duba jiki

Ka je da rana tsaka, motar a bushe. Kada ka yarda da duba mota bayan la'asar sakaliya ko wadda aka watsa wa ruwa yanzu, domin ruwa da inuwa suna rufe asirin fenti. Ka tafi da tocila, da tef ɗin awo, da ɗan mayen ƙarfe naɗe a ƙyalle, da mutum biyu naka: bakanike da mai bugun jiki. Naka, ba wanda dillali ya kira ba. Bakanike injin da giya yake saurare. Sau da yawa ba ruwansa da walda.

Tsuguna a kusurwar gaba ka hango gefen motar har baya. Fentin kamfani yana tafiya sumul, wanda aka yi a kan fila kuwa, wato ƙullin da ake cike lotsa da shi, yana ɗan kaɗawa. Bi tsagin da ke tsakanin ƙofa da madigadi, da tsakanin bonet da fitila, da yatsanka: faɗinsa a hagu ya zama daidai da na dama, daga sama har ƙasa. Buɗe kowace ƙofa ka rufe. Wadda sai an ɗan ɗaga ta, ko sai an buga da ƙarfi, tana gaya maka ginshiƙinta ya gusa. Sa mayen ƙarfe a wurare daban-daban. Inda ya ƙi kamawa, fila ce mai kauri a ƙasa. Wasu motocin bonet ɗinsu alminiyam ne, can ba zai kama ba ko da lafiya, don haka kada ka yi saurin yanke hukunci. In ka samu mai na'urar auna kaurin fenti ya fi: na kamfani yakan tsaya wajen maikuron 100 zuwa 150 (ma'aunin da na'urar ke nunawa ke nan), in ka ga ta haura 400 ko 500, an yi shafe.

Duk wannan fata ce. Madigadi da bonet da ƙofa ana kwancewa a sa wasu, ba abin tashin hankali ba ne. Kan notocin da ke riƙe da su zai nuna maka ko sifana ta taɓa hawa. A yawancin motocin Toyota da Honda na Amurka ma akwai 'yar takarda mai lambar shasi manne a kowace ƙofa da bonet da but; inda babu ita, an canza wurin ko an fente shi. Sanin haka yana taimakonka wajen ciniki, ba wajen fasawa ba.

Inda za ka daɗe shi ne nan. Buɗe bonet, haska ƙafafun shasi biyu tun daga bayan lagireto har inda suka shige ƙarƙashin dashbod. Kwatanta hagu da dama. Nemi tattara, ko sawun guduma, ko ƙonewar wuta, ko baƙin fenti sabo a gefe ɗaya kawai. Dubi ƙoƙon da kan shokozoba ke zaune a ciki. Kamfani yana bin gaɓoɓin da wani danƙo mai tsari iri ɗaya. Na gareji za ka ga an shafa da yatsa. A nan cikin gidan injin, sa tef daga wani noti na kusurwar hagu ta baya zuwa na kusurwar dama ta gaba, sannan ka yi akasin haka. Awon biyu su zo ɗaya. Haka nan daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama, sitiyari a miƙe. Bambancin da ya kai faɗin yatsa ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan sai ka janye robar da ke zagaye bakin ƙofa. Da hannu take fita, da hannu take komawa, kada wani ya ce za ka lalata mota. A ƙarƙashinta za ka ga ɗigon waldar kamfani, ƙananan ramuka zagayayyu a jere, tazararsu kusan ɗaya. In suka ɓace a wani wuri, ƙarfen ya zama sumul ko ya yi tudu, an yanka ginshiƙin an yi masa jona. Ciro safaya, dubi ramin da take kwana. Ɗaga kafet ɗin ƙasa, gaba da baya.

Na taɓa raka wani malamin makaranta duba wata Corolla ruwan toka. Injin shiru, sanyi na aiki, ya riga ya fara kiran gida yana ba da albishir. Na cusa hannu ƙarƙashin kujerar gaba na ɗaga kafet, sai ga layin walda ya ratsa benen daga wannan ƙofa zuwa waccan, an bi shi da kwalta. Na janye robar ƙofa, ga shi ya hau ginshiƙi har rufi. Gaban wata mota ne da bayan wata.

Dillalin ya matso ya ce, "Oga, ai wannan aikin kamfani ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kamfanin da ya yi wannan da kabait yake aiki."

Malam ya ja ni gefe: "To Maigida, in ya rage kuɗi fa?" Na ce masa ko kyauta aka ba shi, ya kai ta wurin masu kayan gyara. Motar yanka-haɗa, ranar da ta gamu da bugu na gaske, a kan layin nan take rabewa.

Kada ka biya sai an hau da ita kan rami. Daga ƙasa ne ake ganin bene ya lotsa, da sawun ƙugiyar da aka kama motar aka ja, da sabon baƙin shafe da aka yi don rufe walda.

Jakar iska

A nan aka fi yin ha'inci, saboda jakunkunan da kwamfutarsu suna da tsada. Sai a cusa tsumma a ramin sitiyari, a liƙe murfi, a yi wa fitilar dabara. Gwajin ba wuya. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka ta da injin. Fitilar jakar iska za ta kama, bayan 'yan daƙiƙu kamar shida ta mutu da kanta, ta mai da ta batir kuma su ci gaba da ci. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. In kuma ta ƙi mutuwa sai da injin ya tashi, ta mutu tare da ta mai, to wayarsu aka haɗa. Sa a jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar Amurka tun daga 1996 tana da shi. Shafa dashbod ta gaban fasinja: in an naɗe shi da sabuwar fata, ka tambayi dalili. Ja kowane bel har ƙarshe ka sake shi. A haɗari mai ƙarfi bel ɗin gaba yakan ɗaure ya ƙi komawa, kuma a gindinsa akwai ƙyalle mai shekarar da aka yi shi, wadda ya kamata ta dace da ta motar.

Ta ruwa kuwa, maganarta gajera ce. Bayan kowace babbar guguwa a Amurka, irin Harvey da ta ci Houston a 2017 ko Ian a Florida a 2022, motocin da suka nutse sukan cika filayen gwanjo. Nemi busasshen laka a ƙarƙashin kafet da cikin ramin safaya, tsatsa a kan ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, da kore-kore a bakin soket ɗin wayoyi. Motar da aka yi wa ɓarin turare fiye da kima, ka rufe gilasai ka zauna ciki na ɗan lokaci, hancinka zai ji abin da ke ƙasa. Kada ka saya. Jikinta garau, amma wutarta ba za ta taɓa barinka ka huta ba.

Hau ka tuƙa

Zagaye cikin unguwa ba gwaji ba ne. Fita hanyar Batagarawa ko ta Dutsin-Ma inda za ka ɗan sake ta. A wuri mai kyau ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki ka ga ko tana karkata. Ka sa wani ya biyo ka a babur ya lura: tayoyin baya suna bin sawun na gaba, ko motar tana tafiya a kaikaice? Saurari fiton iska ta bakin gilashi da ƙofa. Dubi cin tayoyi; in ciki ya cinye waje na nan, akwai magana. In kuma tayoyi huɗu sababbi ne fil a kan tsohuwar mota, kada murna ta hana ka kai ta wurin alaimen na kwamfuta. Motar da aka juya iya juyawa ta ƙi shiga awo, ƙashinta ne ya karkace.

Yanke shawara da ciniki

Ga nawa ma'aunin. Bugun gaba ko na baya da ya tsaya a bamba, fitila, bonet, madigadi da ƙarfen da ke riƙe lagireto, ƙafafun shasi ba su motsa ba, jakar iska tana nan da ranta: saya. Bugun da ya ɗan taɓa bakin ƙafar shasi, aka canza da wata aka yi aiki mai kyau, kuma awo ya zo daidai: ana iya saya don zirga-zirgar cikin gari, da ragi mai kauri. Ginshiƙi, bene, rufi, yanka-haɗa, ruwa, ko sitiyari babu jaka: a kai kasuwa. Wanda zai riƙa bin hanyar Kano ko Kaduna da iyali, ko zai sa ta haya, kada ma ya tsaya a rukuni na biyu.

Hanyar da na fi so, in kana da haƙuri, ita ce ka sayi motar da rauninta a buɗe, kafin kowa ya taɓa ta. Ka ga abin da ya same ta da idonka, ka zaɓi mai gyara, ka sayi kayan Beljiyam da kanka, ka riƙa leƙawa kana ɗaukar hoto. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai ka yi lissafi da mai gyaran tun kafin ka ce ka saya, ka kuma ware wani abu a gefe, domin sai an kwance ake ganin sauran ɓarnar.

Wajen farashi, kada ka gwada ta da abin da dillali ya faɗa, ka gwada ta da kuɗin irinta wadda ba ta taɓa bugu ba. A ganina, in ragin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ba ka ci ribar komai ba, tunda kai ma ranar da za ka sayar haka za a rage maka.

Takardun kwastam kuma, kada ka karɓi fotokwafi ka tafi. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma da ke kusa da Jibiya da Kongolam mun san ba a daina bi ta daji ba. Ɗauki takardun ka je ofishin kwastam a duba maka ko an biya kuɗin fito a kan wannan lambar shasin, ba ta wata motar ba. In motar gida ce mai lamba, ka tabbatar sunan da ke takardar mallaka shi ne na mai sayarwa, ko akwai takardar cinikin da ta haɗa su.

Ranar biya, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa lambar shasi, a kuma rubuta ƙarara abin da mai sayarwa ya ce game da haɗarin: inda aka buga, abin da aka canza, da cewa jakunkunan iska suna aiki. A shari'a, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, amma sai kana da abin nunawa. Kuɗin kuma ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan wanda ya sa hannu, la'adar dillali a biya ta daban.